Ginshiƙi na Uku

Ruwan farko na bana ne ya tona asirin gadar. Da gari ya waye, ginshiƙi na uku ya nutse da kusan taƙi guda, tsaga ta bi jikinsa daga ƙasa har sama.

Injiniya Zuwaira ce ma'aikatar ayyuka ta turo ta sa ido a kan aikin, wata ƙaramar gada a kan rafin da ke raba ƙauyuka biyar da hanyar Kajiji. Ɗaki ɗaya ta kama a Bodinga, garin da ba ta san kowa ba sai mai shagon da take sayen burodi. Kullum da safe ta hau bas zuwa Shagari, daga nan ɗan kabu-kabu ya kai ta bakin rafin.

Aiki ya tsaya, takardu suka fara kai da kawo. Ma'aikata ta ce kamfanin Ɗanmalam da 'Ya'yansa ya tauye siminti. Maniru, ɗan mai kamfanin wanda aikin ke hannunsa, ya ce zanen da aka ba su suka bi, ba ragi ba ƙari. Daga nan ya daina zuwa wurin. Abokan aikinta na Sakkwato su ma suka rage ɗaga wayarta.

Yarjejeniyar kwangilar ta ce babu zuwa kotu sai an zauna gaban mai sulhu. Aka sa rana, Laraba ta mako na uku. In laifi ya faɗa kan kamfani, ya yi ban kwana da aikin gwamnati. In ya faɗa kanta, aikinta ne ya ƙare.

Ta ci gaba da zuwa tana auna tsagar kowace rana, don haka aka umarce ta. A lokacin ne ta fara ganin wani tsoho a gindin tsamiya kusa da tarin yashi, da tabarmarsa da butarsa da silifa na roba. Ta ɗauka sabon mai gadi ne. 'Yan leburorin da suka rage suna kwashe katako kan durƙusa su gaishe shi, direban tifa kuwa yakan kashe rediyo in ya zo wucewa. Ta ce a ranta mutanen nan akwai ganin girman tsoho.

Wata rana da azahar ta miƙa masa rabin ɗanwakenta, ya karɓa. Washegari ma haka. Ya ba ta labarin cewa matarsa ta rasu shekara biyu ke nan, 'ya'ya kowa ya kama harkarsa, gida ya yi masa shiru har yana jin ƙarar agogon bango. Ita ma ta gaya masa akwai ranar da takan wuni ba ta yi magana da kowa ba in ba kwandastan bas ba. Ya taɓa ɓantaro ɗan kankare daga jikin ginshiƙin, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ce kwaɓin nan ba shi da laifi. Ta yi dariya, ta tambaye shi inda ya koyi wannan. Ya ce ya daɗe a cikin ƙura.

Ana saura kwana shida a yi zaman sulhun, ta kasa cin abinci. Tsohon ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, mi ke damunki?"

Sai ta faɗi abin da ba ta gaya wa ko mahaifiyarta ba. Ita ce ta gwada ƙasar wurin da rani, kuma rami ɗaya ta sa aka haƙa maimakon uku, don motar ofis na jiranta. Ta rubuta zurfin tushe mita biyu a zane, alhali taɓo ne a ƙarƙashi, sai an kai mita huɗu. Kamfanin bai yi laifin komai ba.

Tsohon ya saurare ta har ta gama. Can ya tambaye ta abin da za ta yi ranar Laraba. Ta ce ba ta sani ba.

Ranar Litinin ba ta tarar da tabarmar ba. Talata ma haka. Ta zauna ita kaɗai a gindin tsamiyar, kular abincinta a rufe, har ɗan kabu-kabu ya dawo ɗaukarta.

An yi zaman a wani ƙaramin ɗakin taro a Shagari. Mai sulhu, Barista Surajo, ya zauna a tsakiya, Maniru da lauyansa a gefe guda, ita da wani daraktan ma'aikatarsu a ɗaya gefen. Kafin a buɗe fayil ta miƙe, ta faɗi maganar ramin nan ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Daraktan ya matsar da kujerarsa kaɗan.

Barista Surajo ya bari ta gama, sannan ya zaro wata takarda da ya ce tun Litinin ta iso masa. Kamfani ya janye ƙorafinsa. Zai sake ginshiƙin a kan mita huɗu, ma'aikata ta kawo rodi ta ƙara masa wata uku, kuma kada a sa sunan kowa a rahoto. Cikin rabin sa'a aka sa hannu.

A bakin ƙofa ta tare Maniru. Bai saki fuska ba. Ya ce kada ta gode masa, shi kotu ya so a je, umarnin mahaifinsa ne. Ta roƙe shi ya kai ta wurin Alhaji Ɗanmalam ta yi godiya, tunda ba ta taɓa ganinsa ba.

Maniru ya tsaya da makullin mota a hannu, yana kallonta da mamaki.

"Injiniya, ai kin fi ni ganinsa. Makonnin nan duka tare kuke cin abincin rana a gindin tsamiya."