Kamar Ana Taka Garwashi

Wari ne ya tona asirin. Yaya ta ɗaga bargon Baba za ta canza masa zanen gado, sai wani ɗoyi ya buge ta har ta toshe hanci da gefen mayafi. Babban yatsan ƙafarsa ya yi baƙi ƙirin, ya kumbura, ruwa na tsattsafowa. A ƙarƙashin gado ta tarar da ƙwayoyin ciwon sukarinsa cikin ledarsu, ko ɓarewa ba a yi ba. Kusa da su wasu korayen kwalabe, duk an shanye.

"Baba, mene ne wannan?"

"Magani ne, 'yar nan. A waya na samu. Na rubuta yadda nake ji, sai ga shi sun faɗa kamar daga bakina suka ji."

Wayar ma Auta ne ya saya masa. Auta ƙaninta ne, ɗan lelen gidan, kuma ba za ta ci haƙƙinsa ba: tun da ciwon ya tsananta, duk ƙarshen mako sai ya zo. Ita ce wanki, ita ce girki, keken ɗinkinta na can yana tara ƙura. Shi kuwa sai ya ja kujera bakin gado, ya sassauta murya ya ce, "Baba, faɗa min da bakinka, yaya yake yi maka?" Baba ya ce kamar ana taka garwashi, kamar tururuwa na yawo cikin jini, ya gaji da allura, ya gaji da layin asibiti. Auta na rubutawa a waya, wai don ya tura wa likita. Aikinsa na kwamfuta ne, babu wanda ya san kansa a gidan, sai dai takalminsa kullum sabo.

Tana kiran Auta ya zo a guje. Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya tura ta can ƙuryar gado da ƙafa, ya ce a yi maza a tafi asibiti.

Likita bai ɓoye mata komai ba. Yatsan dai ya tafi. Idan ruɓar ta hau, daga gwiwa za a yanke. Ta miƙa masa kwalbar da ta saka a jaka, ya shinshina, ya yatsine fuska.

"Ruwan zaƙi ne da kala. Waɗannan mutanen kalmomi suke saye. Duk abin da mara lafiya zai rubuta yana neman taimako, sun riga sun biya an ɗora tallarsu a kai."

Ta tambaye shi ko bai ga saƙonnin da ƙaninta ke aiko masa ba. Ya ce waɗanne saƙonni, kafin ta amsa aka kira shi wani ɗaki. Ta ce a ranta mutum mai wannan aiki ina zai tuna.

A barandar asibiti ta ɗauki wayar Baba ta gwada. Ta rubuta zancen garwashi a wurin bincike. Kafin ta ƙifta ido ga koriyar kwalba a sahun farko, ga hoton wani tsoho yana murmushi, wai ya yi ban kwana da allura.

"Allah ya isa," ta ce. "Ungulu ma sai ta jira a mutu. Wane mara imani ne zai zauna yana kiwon kukan tsofaffi?"

"Duniya ce, Yaya," in ji Auta, idonsa a ƙasa. "Irin waɗannan ba a kama su."

Ta tafi karɓo auduga da bandeji, tana tafe tana tunanin Baba da sanda, Baba da bai taɓa yarda wani ya riƙe masa buta ba. Da ta dawo ta hango Auta a tsugune gaban wata tsohuwa mai kumburarrun ƙafafu. Duk da baƙin cikin da take ciki sai da ta ji sanyi. Ɗan albarka, ko uwar wani ba ya wucewa.

Ta zo ta bayansa za ta dafa kafaɗarsa.

"Sannu, Mama," yake cewa a hankali. "Faɗa min da bakinki, yaya yake yi miki?"

A fuskar wayarsa ga koriyar kwalbar nan, yatsansa kuma na jera maganar tsohuwar a wani akwatin kalmomin talla, daidai ƙarƙashin garwashi da tururuwar Baba.