Kwamandan Baƙar Runduna

Guduma ta sauka a kan sojan mai riƙe da mashi, kansa ya baje, hularsa ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin gado. Laifinsa kawai an wayi gari an same shi kwance a kan tebur. Tsohon makanikin ya share shi cikin gwangwani, inda 'yan uwansa ke jibge, wasu ba kai, wasu ba ƙafa. Dokarsa ke nan, sojan da ya faɗi ba ya komawa akwati.

Sojojin dalma ne, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, irin na zamanin takobi da sulke. Shi ya zuba su da hannunsa tun yana da gareji, ya yi musu fenti har gashin baki. Teburin ya cinye rabin ɗakin, da tudun kwali, da dajin soso, da kogin shuɗin ƙyalle mai gada ɗaya. Jajaye nasa ne. Baƙaƙe kuwa ba su da mai su, don shi kaɗai yake wasansa, kuma nan rigimar take: wa zai yi wa abokan gaba tunani?

Jajayen nan ɗari uku ne a da. Yau saura goma da sarkinsu.

Auta, 'yarsa, ta shigo da shayi, ta ƙirga su da ido. Teburin nan ne kaɗai ke tayar da mahaifinta daga gado. Ran da jajaye suka ƙare, ba ta san me zai tashe shi ba.

"Baba, yau a yi da ɗan lido mana. A jefa, abin da ya nuna baƙaƙe su yi."

"Ɗan lido ba shi da kai. Ya tura maharba cikin kogi, in cinye su, in ce na yi yaƙi?"

"To karta."

"Karta leƙawa nake yi, na san halina. Mutumin nan bai aiko ba?"

Doka ta biyu ke nan, kuma ita Auta ta tsana. Wani ne ya rubuta wa baƙaƙe umarni ya liƙe a ambulan, ba a buɗewa sai an gama jera runduna. Ita ke karantawa, don rubutu ya fara yi wa Baba rawa a ido. Ta taɓa cewa bai aiko ba, tsohon ya yi kwana biyu bai ci abinci ba. Ta taɓa sauya umarnin a bakinta, ya ce wannan shirmen ba na mutuminsa ba ne, ya jefe ta da kofi.

Ta zaro ambulan ɗin daga aljihu, gam ya yi kauri a inda ake liƙe ta.

Baba ya jera mutanensa yana dariyar mugunta. "Yau zai sha mamaki. Ta gada zan bi, ba zai taɓa kawowa a ransa ba. Ina shayin da na ce ki kawo?"

Ta nuna masa shi a gefen hannunsa. Sannan ta warware takardar ta fara karatu, idonta a kan taga.

"Maharba su laɓe bayan tudu. Kada su saki kibiya sai rabin jajaye sun hau gada."

Abu ɗaya da tsohon nan, in dai umarnin mutumin ne ba ya maguɗi. Da hannunsa ya kai maharban bayan tudu yana zagin iyayensu. Ya ja tef ya auna tsawon kibiya. Biyar sun shiga ciki. Ya kwantar da su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin yadda kowanne ya mutu: wannan a maƙogwaro, wannan a ido, wannan doki ya danne shi a ruwa yana shure-shure.

"Mahaya su fito daga daji, su datse hanyar komawa."

A da a nan yake janye ragowar ya tsira da su. Yau ba ragowar da za ta tare masa baya. Mahayan suka afka wa biyar ɗin, aka sare hannun mai tuta, aka tattake mai ganga, gadar ta yi jina-jina a bakin Baba.

"Sarki kada a kama shi da rai."

"Baba, shi ne na farko da ka zuba," in ji Auta. "Ka bar min shi."

Ko kallonta bai yi ba. Ya bi goman da guduma, dalma na tartsatsi a bango. Ya riƙe sarkin da yatsu biyu ya maka, gudumar ta haɗa da babban yatsansa, farcen ya tsage, jini ya malala a kan shuɗin ƙyallen. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, har sarkin ya zama fai-fai.

"Wane ne shi?" Yana haki, hawaye na bin gemunsa. "Ya san ni kamar a cikina yake kwana. Ki kawo min shi, wallahi haka zan fasa masa kai."

Ta ɗaure masa yatsan, ta kwantar da shi. Ya juya wa teburin baya, ya fuskanci bango.

A bakin ƙofa ta ɗauko gam kamar yadda ta saba, sai ta tuna babu sauran wanda za a kashe, ta mayar da shi. Ambulan ɗaya ce tal tun farko, sau talatin ke nan tana liƙe ta tana kawo masa. Ta tsaya tana kallon rubutun, tsaf da shi ba rawar hannu, Baba ne ya yi shi da hannunsa shekara uku da suka wuce, a satin da likita ya gaya masa zai fara mantuwa.