Ranar da Zakara Ya Sanar da Rasuwar Mai Rai

Keken rubutun da suka ajiye a fim ɗin ba irinsa ba ne. Na gidan rediyon tsoho ne, baƙi, sai an lallaɓa shi; wannan kuwa sai sheƙi yake a kan wani teburin da ba kowa a bayansa. Mama ta lura. Ba don keke aka kira ta ba.

An kira ta ne ta sa hannu. Daraktan, wani matashi mai ladabi har ya yi yawa, ya zaunar da ita da babbar 'yarta a wani ɗaki mai kujeru takwas, ya ce ba zai saki fim ɗin ba sai matar marigayi ta shaida cewa gaskiya ya nuna. Marigayin shi ne wanda gari ya yi wa laƙabi da Zakara, don shekara goma sha biyu muryarsa ce ke tashin mutane: gaisuwa, labarin hanya, sannan sanarwar haihuwa da rasuwa ƙarfe bakwai daidai.

Rabin farko bai yi wa kowa ciwo ba. An ƙara wa Zakara tsawo, an mayar masa da gashin da suka yi sallama tun yana saurayi. Ita kuwa, in ji daraktan, sai can ƙarshe za ta fito: wata baiwar Allah da ta zo shagonsa sayen batir, ta tafi da mai shagon. Mama ta gyaɗa kai. A cikin ƙaryace-ƙaryace, wannan ba ta da laifi.

Sai aka zo kan ranar.

Wani mutum ya kawo sanarwar rasuwar kawunsa. Takardar sanarwa layi biyu gare ta: a sama sunan mamaci, a ƙasa sunan wanda ya kawo. A fim ɗin, Zakara na tsakiyar raha da abokai, ya karɓa, ya kwafe da alƙalaminsa ba tare da ya duba ba, na ƙasa ya koma sama. Ƙarfe bakwai ya karanta da wannan murya da ba a yi mata musu. Mahaifiyar mutumin tana shara, rediyo na kan taga, ta ji an ce ɗanta tilo ya rasu. Ko da ya dawo gida da ƙafafunsa, ya tarar da ita a ƙasa, tsintsiya a gefe. Kwana uku ta yi, ba ta gane shi ba har ta cika.

Washegari Zakara ya buɗe shiri ya ce, “Ni na rubuta, ni na karanta, kada a nemi kowa.” Ya tashi daga kujerar, bai sake hawanta ba.

Aka kunna fitila. 'Yar, wadda lauya ce kuma ba ta barin a manta, ta riga ta miƙe.

“Ƙarya ne. Mutumin da ko sunan kyanwar maƙwabta ba ya kuskurewa? Kun mayar mana da uba sakarai.”

“Ranki ya daɗe, faifan muryarsa na nan,” in ji daraktan. “Da bakinsa ya faɗa.”

“Baba ko akuya ta taka shi, shi ke ba ta haƙuri. Wannan ne shaidarka?” Ta juyo. “Mama, ke kika zauna da shi. In kika sa hannu a nan, da wannan jikokinsa za su san shi. Ki ce musu a'a, sauran aikina ne.”

Mama ta dubi takardar. Shekara talatin da ɗaya Zakara ya yi a shagon batir, mutane na lumshe ido in ya faɗi farashi, wasu ma su sake tambaya don kawai su ƙara ji. Ƙarfe bakwai na yi sai ya fita duba kaji, ko da kajin ba su nemi a duba su ba. Bai taɓa tayar da maganar ranar nan ba, ko a wasa, ko a faɗa. Kuma sun yi faɗa, kamar kowa.

Kalma ɗaya za ta wanke shi. Sai dai a'a ba ta tafiya ita kaɗai. Dalili ke biye da ita, kuma 'yar nan tata ba ta taɓa sakin dalili ba sai ta ga ƙarshensa. Ta tuna yadda take kawo mata yara duk ƙarshen mako, tana ce musu su yi koyi da kakarsu, wadda ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

Daraktan ya miƙo alƙalami da hannu biyu. “Mama, haka aka yi?”

“Haka ya faɗa,” ta ce, ta sa hannu.

'Yar ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ko buga ƙofa ba, wanda ya fi bugawar ciwo.

Mama dai ba ta yi ƙarya ba, haka ya faɗa. Abin da bai faɗa ba, har aka kai shi makwancinsa, shi ne bai taɓa rubuta sanarwa da hannunsa ba. Abin da aka buga aka miƙa masa yake karantawa, kuma yarinyar da ta buga masa ta safiyar nan, sati uku da kama aiki, ita ce wannan da ke mayar wa darakta alƙalaminsa.