Yatsan da Tela Ya Dangwala

Shekara tara tela yana kai 'yarsa Auta asibitin unguwa duk sanda ciwon sikila ya tasar mata. Ya san bencin da ƙafarsa ke rawa, ya san tagar ɗakin gwajin jini, ya san dattijon da ke bayanta, wanda ake kira Sai-na-sake. Ba ya sakin ledar jini sai ya gwada ta sau biyu, ko da layi ya kai bakin ƙofa.

"Baba, ka ji tsoron Allah, tun safe muke nan," tela kan ce masa.

"Tsoronsa nake ji, shi ya sa kake zaune," in ji dattijon.

Sai zaɓe ya zo. Malamin masallacinsu ya hau mumbari ya ce ɗan takara kaza namu ne, wanda ya ƙi shi ya ƙi addini. Mutumin kuwa ya ci. Bayan wata biyu aka shimfiɗa takarda a ƙofar masallaci, ana roƙon sabon shugaba ya kori duk wanda ba addininsu ɗaya ba daga asibitin. Ba sai ka karanta ba, ga tawada, ka dangwala yatsa kawai. Tela ya sunkuya kamar mai neman takalmi, ya ɗago ya ga idon maƙwabta a kansa, waɗanda ke kawo masa ɗinki. Ya dangwala.

"Baban Auta, har da Sai-na-sake?" matarsa ta tambaya.

"Ke, malam ya fi mu sani."

"Jinin 'yarka yake dubawa fa, ba limanci yake maka ba."

Ya koma kan keken ɗinkinsa.

Aka kori dattijon, aka ba wanda ya riƙa wa malam lasifika lokacin kamfe aikin. Kwas ɗin wata uku ya yi. Mutum ne mai fara'a, ba ya rasa jam'i, aikinsa kuma sharp-sharp babu jira. Jama'a suka yi ta yabo.

Wata safiya Auta ta tashi idonta fari fat. Likita ya ce sai an ƙara mata jini. Cikin minti goma leda ta fito, har tela ya sa wa mutumin albarka.

Ba a jima da ɗaurawa ba yarinyar ta fara karkarwa. "Baba, bayana!" take cewa. Nas ta zare allurar da sauri, ta dubi ledar, ta dubi katin Auta. Ba irin jininta ba ne. Kafin la'asar Auta ta cika.

Malam ya zo ta'aziyya, ya zauna kan tabarma ya ce, "Haƙuri, ƙaddara ce."

"Na yarda da ƙaddara, Malam," tela ya ce. "Amma da 'yarka ce, wa za ka so ya duba jinin?"

Malam ya ɗaga hannu ya ce a yi addu'a. Tela ya ɗaga nasa.

Iyaye 'yan'uwana, addini ya zo ne ya koya wa shugaba adalci da riƙon amana, ba don a raba muƙami da shi ba. Duk aikin da rai ya rataya a kansa, a ba wanda ya iya, ko a ina yake ibada.