Abin da Dalmar Ta Rufe

Dillalin gwangwan ya taɓe baki, yana kallon jami'ar da ke zagaya tulin ƙarafansa da wata 'yar na'urar gano guba.

"Wai gubar nukiliya! 'Yata, shekara talatin ina sana'ar nan, mayen ƙarfe ya ishe ni."

"Baba, wata tsohuwar tukunyar masana'anta muke nema. An lulluɓe ta da dalma don ta tare gubar."

Ya kwashe da dariya. 'Yan boko kullum a makare!

"Dalmar ai tuni na ɓare na sayar. Ɗan ƙarfen cikin ko sisi bai kai ba."

Ta matso kusa. Na'urar ta tsala ihu daidai aljihun ƙirjinsa, inda ya ɗaura makullansa a jikin ɗan ƙarfen nan.