Ɗan Tudun da Farfesa Ya Gani

Ka ce an maido maka da aikinka an ce ka sake, har ka daina gaisawa da wanda ya maido shi. To, bari in ba ka misali.

An yi wani farfesa a wata jami'a, masanin ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai na duniya da su, waɗanda suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, ido bai taɓa ganinsu ba. A kan wannan ilimi ƙuruciyarsa ta ƙare, har furfura ta cinye masa gemu. Yana cikin wata ƙungiyar masana na ƙasashe da yawa, masu aiki da wata katafariyar na'ura da aka binne a ƙarƙashin ƙasa can ƙasar waje. A cikinta ake gwara kawunan ƙwayoyin nan su tarwatse, a auna ɓaraguzan, a aiko wa kowa sakamakon ta kwamfuta ya yi ta tankaɗe, ko Allah zai sa wani ya dace da ƙwayar da ba a taɓa sani ba. Shekara da shekaru bawan Allah nan yana tankaɗe, ban da dusa babu abin da yake samu. Rannan yana duba zanen sakamako, sai ya ga layin da ya kamata ya gangara sumul ya yi wani ɗan tudu. A wajen masu wannan sana'a kuwa, irin wannan tudu shi ne sawun sabuwar ƙwaya. Ya ɗan gyara rariyarsa, wato ƙa'idojin da yake ware abin ƙirgawa da abin zubarwa, sai tudu ya ƙara tashi. Ya sake gyarawa, ya ƙara tashi. Ka san mai furfura in ya hango abin da ya daɗe yana nema, ya fi yaro zumuɗi. Ga shi kuma jami'a ta sa masa ranar babbar laccarsa, wadda farfesa ke gabatarwa sau ɗaya a rayuwa, gaban shugabanni da 'yan jarida da dangi. Ya ƙudura a ransa cewa a ranar zai gaya wa duniya.

Sai dai ƙungiyar tana da wata al'ada, Allah ya saka wa wanda ya kafa ta da alheri: babu mai buɗe baki ya ce ya gano wani abu sai an naɗa ɗaya daga cikinsu ya yi iya yinsa ya rushe maganar. Wanda aka naɗa kuwa tsohon abokin karatun farfesa ne, wanda tun suna aji ɗaya suke rige-rigen zuwa na ɗaya, mutum mai naci har ɗalibai sun laƙaba masa suna Sake-Duba. Ya karanta aikin tsaf, ya ce, "Abokina, idonka na kan tudun nan kake gyara rariya. Rufe shi, ka tsayar da ƙa'idojinka, mu jira sabon awo." Farfesa ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce a ransa hassada ce kawai, mutumin nan so yake a jinkirta har ya cusa kansa a ciki. Ya kasa daurewa, ya faɗa masa cewa in suna yake so, a haɗa sunayensu biyu a kan aikin a wuce wurin. Sake-Duba ya yi dariya, ya ce shi bai roƙi komai ba, kuma ya ƙi sa hannun amincewa a sanar da sakamakon. Ranar lacca ta zo, zaure ya cika, farfesa ya yi bayanin tsofaffin ayyukansa, aka yi masa tafin ladabi, aka ci shinkafa aka watse. Ya koma gida baƙin ciki kamar ya kashe shi, yana ganin an yi masa fashin ranar da ya jira duk rayuwarsa.

Bayan wasu watanni sabon awo ya iso, ya ninka na farko. Farfesa ya zuba shi a rariyar da aka tsayar, bai taɓa ta ba, ya buɗe zanen. Layi ya gangara sumul, babu tudu babu alamarsa. Ashe dace ne kawai ya tara 'yan alƙaluma a wuri guda, son zuciya kuma ya yi ta yi musu gini shi bai sani ba. Zufa ta karyo masa. Ya tuna 'yan jaridar nan, ya tuna ɗalibansa da za su shiga duniya da sunan malamin da ya ga abin da babu, ya tuna cewa masu wannan ilimi suna yafe wa wanda bai gano komai ba, amma ba sa manta wanda ya yi shelar banza. Sai godiya ta cika masa ƙirji har idonsa ya kawo ruwa. Bai aika saƙo ba, mota ya shiga har garin da abokin yake koyarwa. Ya tarar da shi a ƙofar gida yana watsa wa tattabarunsa hatsi. Ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Ka rufa mini asiri, ni kuwa na zarge ka. Allah ya rufa naka." Abokin ya ce, "Amin. Zauna ka sha fura, ka sha hanya." Bai ƙara tayar da zancen ba, ko a ranar ko bayanta. Farfesa ya ci gaba da aikinsa da mutuncinsa cikakke har ya yi ritaya. Bai gano sabuwar ƙwaya ba, amma in ana zancen alherin da aka yi masa a duniya, wannan ƙin sa hannun yake fara ambata. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.