Ranar da Aka Sallamo Baba

A gidanmu na unguwar Abakpa doka ce, duk wanda ya dawo daga tafiya ba ya shan ruwa sai an durƙusa an yi godiya. Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti ma ba a karya ta ba. Maƙwabcinmu Alhaji Sani ne ya kawo shi a motarsa, ya taimaka aka kwantar da shi a tabarma, sannan ya tsaya bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

A lokacin ina aji uku na firamare, kuma ilimina ya kai in san cewa wanda likita ya sallama ya warke. Har na fara tunanin shinkafar da za a dafa ranar Lahadi.

Mama ta riƙe hannun Baba, mai warin maganin asibiti, ta ce a hankali, "Ya Uba, mun gode da ka ba mu shi. Mun gode da ka bar shi ya sake ganin ɗakinsa. A cikin sunan Yesu."

Na rangaɗa Amin, har da tafi.

Baba ya buɗe ido da ƙyar. "Maman Talatu, 'yar nan taki ta fi ki bangaskiya."

"Ta dai fi ni ƙuruciya," in ji Mama.

Likita ya ce a kai shi gida ne saboda babu sauran abin yi, kuma kowa a ɗakin ya sani, ban da ni. Har yau idan na ji mace tana godiya a coci da irin wannan muryar, sai in fara tambaya wa ke kwance a gidanta.